Shawara Ce Ko Kamun Ƙafa?

Mai Sito, Jidda: Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Jiya bayan la'asar na je wani kamfanin aika kuɗi domin in tura wa mahaifiyata riyal 750 na magani zuwa Kano, kuma da na haɗa ladan da suka cira da farashin canjin da suka yi mini, abin da ya isa hannun ƙanena ya gaza abin da na yi wa tsohuwa alkawari, har sai da ya cika daga aljihunsa. Shekara 19 ke nan ina aika kuɗi gida daga ƙasar nan, kuma tun ina da baƙin gemu nake jin ana cewa za a rage wannan tsada. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa buri cewa kafin 2030 ladan aika kuɗi zai koma ƙasa da kashi 3 cikin 100, amma Bankin Duniya da kansa yana faɗin cewa aikawa zuwa ƙasashen Afirka na kudu da Sahara ta fi ta ko'ina tsada, tana kai wa kusan kashi 8. A 2020, lokacin da Saudiyya ta shugabanci taron G20 na ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, mun ga manyan masu kamfanoni da bankuna sun yi nasu taron da ake kira B20, sun miƙa wa shugabanni buƙatunsu. Abin da na yi imani da shi shi ne, duk wata manufar tattalin arziki da ta ratsa tsakanin ƙasa da ƙasa waɗannan mutane ne suke tsara ta ta hanyar kamun ƙafa, shi ya sa duk abin da zai taɓa ribarsu ba ya motsawa. Wanda ya san wani dalili daban da ya hana ladan nan sauka, ya taimaka ya faɗa mini.

Akawun Riyad: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, Alhaji. Amma ban yarda da kalmar kamun ƙafa da kuka yi amfani da ita ba, domin ta yi wa abin da ake yi a B20 rashin adalci. Kamun ƙafa shi ne mutum ya saci jiki da daddare ya je gidan mai iko ya roƙi abin da ba zai iya roƙa a gaban jama'a ba. Shi kuwa B20 tun 2010 ake yin sa a fili, kowace shekara 'yan kasuwar ƙasar da ke riƙe da shugabancin G20 ne suke jagorantarsa, ana kafa kwamitoci a kan ciniki da kuɗi da makamashi da ayyukan yi, su yi watanni suna aiki, sannan a buga abin da suka cimma kowa ya karanta. Na 2020 Yusuf al-Bunyan ne ya shugabance shi, wanda a lokacin yake jagorantar kamfanin SABIC, kuma sun miƙa shawarwari 25 a rubuce. Ban da su akwai L20 na ƙungiyoyin ƙwadago da C20 na ƙungiyoyin farar hula da W20 na mata, kowa yana kai tasa takardar. Sunan wannan abu shawara, kuma mai mulki yana da damar ya ɗauka ko ya bari.

Ɗalibin Madina: Ina neman afuwar manyana, amma ni a ganina Yaya Akawu ma bai ajiye kalmar shawara a muhallinta ba. Ya zo a hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito cewa wanda aka nemi shawararsa amintacce ne, wato an ɗora masa amana ya faɗi abin da zai amfani mai tambaya, ko da shi kansa zai yi hasara. To mai banki da aka tambaya ko a rage ladan da banki yake ci, ta yaya za a kira amsarsa shawara, alhali shi ne mai maslaha a cikin lamarin? Ko a gaban alƙali ba a karɓar shaidar da mutum zai jawo wa kansa amfani da ita. Sannan shi kamun ƙafa ba dole ne ya kasance a ɓoye ba, kuma ba kowane iri ne abin zargi ba, tun da shiga tsakani domin a biya wa mai rauni buƙatarsa abu ne da ake samun lada a kansa. Abin dubawa shi ne domin wa aka kama ƙafar.

Hajiya Mai Abaya, Makka: Ɗana na Madina ya yi magana mai kyau a ƙarshe, amma farkon maganarsa ban gamsu da shi ba. In aka ce mai maslaha ba zai ba da shawara ba, to wa za a tambaya a kan kasuwa? Wanda bai taɓa ɗaure kaya ya kai tashar jirgin ruwa ya ga yadda takarda ɗaya take kwantar da dukiyar mutum wata biyu ba, me zai gaya wa minista a kan kwastan? Ni ma da kaina na sha yin kamun ƙafa domin 'ya'yan mutane, ban taɓa jin kunyarsa ba. Tun zamanin fatake sarakunanmu sukan kira madugai su ji labarin hanyar Gwanja da ta Agadas kafin su yanke magana a kan fito da kuɗin hanya, kuma babu wanda ya ce madugu ya ci amana don yana da jakuna a cikin ayarin.

Akawun Riyad: Hajiya ta gama magana, Allah ya ƙara girma. Wanda ya san hanya shi ake tambaya. Kuma abin ba sabo ba ne: Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya tun 1919 take, hedikwatarta na Faris, kuma a 2016 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba ta kujerar 'yar kallo. Ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu arziki ita ma tun 1962 take da kwamitin 'yan kasuwa mai ba ta shawara, kusa da shi kuma akwai na ƙwadago. Abin da aka yi wa kujera da suna da ofis ba a kiransa kamun ƙafa.

Ɗan Mai Wurno, Jidda: Ku yi mini haƙuri in kawo abin da mu mutanen Sudan muka gani da idonmu, domin a wajenmu wannan ba batun ƙamus ba ne. A watan Nuwamban 1997 Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin ciniki, aka toshe kusan komai, amma aka bar ƙofa ɗaya a buɗe, ita ce ta ƙaro. Dalili kuwa shi ne kamfanonin Amurka masu yin lemon kwalba da alewa da magani da tawadar buga jarida ba su da inda za su samu ƙaro mai yawa da kyau kamar na Kurdufan da Darfur, sai suka matsa wa gwamnatinsu lamba har aka keɓe shi. Akwai dubban manoma da suka ci abinci da wannan ƙofa, ban musa ba, kuma ina gode wa Allah a kan haka. Amma a cikin waɗannan shekaru ɗan'uwanka da ke waje ba ya iya turo maka kuɗi ta banki cikin sauƙi, kayan gyaran jirgin ƙasa da na injinan asibiti suna wahalar samu, babu wanda ya tsaya mana a kansu, domin babu kamfanin da lemonsa zai lalace saboda rashinsu. In wannan ba kamun ƙafa ba ne, Malam Akawu, ku ba ni sunansa.

Akawun Riyad: Wannan abu a majalisar dokokin Amurka da ma'aikatunta aka yi shi, ba a B20 ba, wanda ko haifarsa ba a yi ba a 1997. Kada mu cakuɗa tuwo da fura.

Ɗan Mai Wurno, Jidda: To ga na 2020 ɗin da kuke so. A watan Afrilun shekarar G20 ta amince a ɗage wa ƙasashe matalauta biyan bashi saboda annobar korona, ƙasashe 73 suka cancanta, 48 suka shiga, aka ɗage kimanin dala biliyan 12.9 kafin shirin ya ƙare a Disambar 2021. Gwamnatoci masu bin bashi sun ɗage nasu, su kuwa bankuna da masu zuba jari roƙonsu kawai aka yi su shiga bisa ganin dama, kuma Bankin Duniya ya ce ɗaya tak ne ya shiga. Sudan ko cikin jerin ba a sa ta ba, saboda tsoffin basussukan da ta gaza biya. Chadi kuma, da ta nemi sassauci a ƙarƙashin sabon tsarin da aka amince da shi a Nuwamban 2020, sai da aka kai ƙarshen 2022 kafin a daidaita, kuma babban abin da ya ja maganar shi ne bashin Glencore, wani kamfani mai zaman kansa da ke cinikin mai da ma'adinai. Wa ya ba da shawarar a bar wa masu zaman kansu zaɓi?

Mai Harhaɗa Magani, Ɗa'if: Ina bayan ɗan'uwanmu na Mai Wurno, kuma a sana'armu akwai misalin da ya fi wannan fitowa fili. Tun 1974 dokar ciniki ta Amurka ta kafa kwamitin 'yan kasuwa da zai riƙa ba gwamnati shawara a kan yarjejeniyoyin ciniki, kuma Edmund Pratt, shugaban kamfanin magani na Pfizer, ya taɓa jagorantarsa. A 1986 shi da shugaban IBM suka haɗa kan manyan kamfanoni domin a shigar da haƙƙin mallakar fasaha cikin tattaunawar cinikin duniya, suka jawo takwarorinsu na Turai da Japan, har abin ya zama yarjejeniyar da ta fara aiki tare da Hukumar Ciniki ta Duniya a 1995, wadda ta ba mai sabon magani kariyar shekara 20. A Oktoban 2020 Indiya da Afirka ta Kudu suka nemi a jingine wannan kariya saboda korona, ba a yanke magana ba sai Yunin 2022, shi ma a kan allurar rigakafi kawai. Kwamitin nan na Pratt yana da suna da kujera da doka, daidai da sharaɗin da Malam Akawu ya gindaya, kuma duk da haka abin da ya fito daga cikinsa buƙatar masu kamfani ce aka mayar dokar duniya.

Ɗalibin Madina: Wannan shi ne abin da nake faɗi tun farko. Ya kamata mu daina cewa shawara, mu kuma daina cewa kamun ƙafa, mu ce neman buƙata, domin ita ce kalmar da ba ta yabo ba ta zagi.

Hajiya Mai Abaya, Makka: A'a ɗana, neman buƙata na mabaraci ne. Mutumin da yake ciyar da ma'aikata dubu goma ba za a ce ya je neman buƙata ba.

Bamaraɗe, Makka: Tun da an zo kan masu ciyar da ma'aikata, bari mu dawo gida. A watan Maris na 2018 aka taru a Kigali domin sa hannu a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, Shugaba Buhari ya fasa zuwa a ƙurarren lokaci bayan Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Najeriya da Ƙungiyar Ƙwadago sun nuna adawa, bai sa hannu ba sai a Yamai a watan Yulin 2019. Wata guda bayan haka, a Agusta, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disambar 2020. Mutanenmu na Maraɗi da Ɗan Isa da Birnin Ƙonni sun ga tashin hankali, albasa da tattasai suka ruɓe a kan motoci, 'yan kamasho da masu dako suka zauna babu aiki. Su ba su da ƙungiyar da za ta shiga fadar shugaban ƙasa, amma masu siminti da sukari da shinkafa suna da ita, kuma kowa ya san ko su wane ne.

Ɗan Fagge, Jidda: Malam Bamaraɗe, in Alhaji Aliko kuke nufi ku fito ku faɗa, ba sai kun yi ta zagaye ba. Kafin tsarin da gwamnatin Obasanjo ta kawo a 2002, na cewa sai mai gina masana'anta a gida za a ba lasisin shigo da siminti, Najeriya da jirage take shigo da siminti daga waje, yau kuwa ga Obajana ga Ibese, har maƙwabta ake kai wa. Ga matatar mai a Legas mai ƙarfin ganga 650,000 a rana. In shawarar irin wannan mutum gwamnati take ji, Allah ya sa ta ci gaba da ji. Abin da na lura da shi shi ne, duk sanda Bature ya zauna da gwamnatinsa sai a ce tsari ne, in Bakano ya zauna da tasa sai a ce kamun ƙafa.

Bamaraɗe, Makka: Ban ambaci sunan kowa ba, Alhaji, ku ne kuka tsargu. Kuma ku tambayi mai gini a Kano nawa yake sayen buhun simintin da aka yi a gida, kafin ku yi mana alfahari da shi.

Ɗan Fagge, Jidda: Mai gini a Kano ya fi ku sanin farashinsa, kuma bai aiko ku ba. Shinkafar waje da ake saukewa a Kwatano a bi da ita ta cikin Nijar a shigo mana da ita ta daji, ita ce ta jawo rufe iyaka, ba wani attajiri ba.

Ɗan Mai Wurno, Jidda: Duk sanda aka fara magana a zauren nan sai ta ƙare a kan Kano, kamar sauran Hausawan da ke ƙasar nan ba su da garuruwa. Na kawo maganar ƙaro da ta bashi da shekarunsu, babu wanda ya tanka mini a kan ta biyun, alhali mu ne yaƙi ya raba da gidajenmu tun Afrilun 2023, mu ne kuma muka fi kowa sanin wahalar tura kuɗi inda banki ba ya aiki.

Mai Sito, Jidda: Jama'a, ni tambaya ɗaya na yi a kan ladan aika kuɗi, ga shi an yi ta magana har an kai Obajana, ban ji amsata ba. Na janye kalmar kamun ƙafa in ita ce ta ɓata ran wasu, ku kira shi abin da kuka ga dama, amma ku gaya mini abin da ya hana ladan sauka.

Akawun Riyad: Alhaji, ku ne kuka yi da'awa, hujja a kanku take. Ku nuna mana layi ɗaya a cikin takardun B20 inda aka ce kada a rage ladan aika kuɗi.

Mai Sito, Jidda: Ban karanta takardunsu ba, rasit ɗin da ke aljihuna na karanta.

Malama Mai Koyarwa, Jidda: Da izininku, akwai wani ɓangare na amsar da ba a taɓo ba. A wannan shekarar ta 2020 ɗin, a ƙarƙashin shugabancin Saudiyya, G20 ta amince da wani jadawalin aiki na sauƙaƙa biyan kuɗi tsakanin ƙasashe, saboda haka ba a ce ba a yi maganar ba. Amma dokokin yaƙi da halasta kuɗin haram sun sa manyan bankunan duniya suna yanke hulɗa da ƙananan bankuna da kamfanonin aika kuɗi na ƙasashenmu, domin suna ganin ribar ba ta kai haɗarin tara ba, kuma in masu yin aikin suka ragu dole lada ya hau. Najeriya ma a Fabrairun 2023 hukumar FATF mai yaƙi da halasta kuɗin haram ta sa ta a jerin ƙasashen da ake sa wa ido. Sannan wani kaso na hasarar Alhaji a farashin canji yake, ba a ladan da aka rubuta a rasit ba.

Ɗalibin Madina: Malama ta ce riba ba ta kai haɗari ba, wanda yake nuna cewa riba ce ma'auninsu, kuma wanda riba ce ma'auninsa ba a kiran maganarsa shawara. Mun dawo inda muka fara.

Ɗan Fagge, Jidda: Mai karatu da kuɗin tallafi ba zai san abin da riba take ɗauke da shi ba. Ranar da za ka biya albashin mutum uku a ƙarshen wata, ka dawo mu yi maganar.

Hajiya Mai Abaya, Makka: Alhaji na Fagge, wannan kuma ya yi tsauri, yaron nan neman ilmi ya kawo shi garin Manzon Allah, ba a yi masa gori da abin da yake ci. Ku janye.

Mai Kula da Zaure, Jidda: To jama'a, lokacin isha ya gabato, bari in tattara abin da aka tattauna. Ni da nake aikin fitar da kaya a tashar jirgin ruwa shekara da shekaru, na saurari kowa da kyau, kuma abin da ya bayyana shi ne mafi yawan masu magana sun yarda cewa abin da manyan 'yan kasuwa suke yi a G20 da makamantansa shawara ce da ake bayarwa a fili, kamar yadda Malam Akawu ya kawo da shekaru da sunaye, Hajiya kuma ta ƙarfafa da tarihin madugai. Shi kansa Alhaji Mai Sito ya janye kalmarsa kuma ya amsa cewa bai karanta takardun ba, wanda ke nuna da'awar ba ta tsaya ba. Misalan ƙaro da magani na Amurka ne, ba su shafi taron Riyad ba, maganar bashi kuwa doguwa ce da za a ware mata rana. Alhaji na Fagge ya yi gaskiya cewa ƙasa ba ta ci gaba sai ta saurari masu gina masana'antu, ko da yake ina roƙonsa ya sassauta wa ɗalibinmu. Ina kuma tunatar da kowa ƙa'idar zauren nan, cewa mu baƙi ne a ƙasar mutane, a kiyaye harshe a kan abin da ya shafi hukuma.

Ɗan Mai Wurno, Jidda: Ranka ya daɗe, na ƙirga masu magana, biyar ne a ɓangarenmu, uku a nasu, Malama kuma ba ta ɗauki ɓangare ba. Sannan shirin ɗage bashin nan a ƙarƙashin shugabancin 2020 aka yi shi, ba a Amurka ba.

Mai Sito, Jidda: Kalma na janye, ban janye magana ba. Malama, don Allah ku rubuto mini yadda ake gane farashin canjin gaskiya kafin a miƙa kuɗi, domin ranar 27 ga wata zan sake aikawa.